Malt da madara ba maganin ƙarancin jini ba ne

A Jabo da Tambuwal, da zarar an ce jinin mai jego ko majinyaci ya yi ƙasa, sai dangi su zo dubiya da kwalaben malt, har da mai ƙamshin banila, a gauraya da madarar gwangwani. Na ɗanɗana: zaƙi ne zalla, sha'ir da sukari. Jini kuwa sinadarin ƙarfe yake bukata, madara ma tana rage shigarsa jiki. Mai ciwon sukari kuma cutar da shi ake yi da sunan kulawa.

Jama'a, kuɗin kwalaben nan ku kai mara lafiya asibiti a auna jininsa, a duba zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki. Abin da ya rage ku sayo hanta, wake da zogale.