Ganye ya yi kore, amma me ke cikinsa?

Ƴan uwa, duk wanda ya bi ta Gunti Yena a Yamai ya ga garake shar da salati da shu, ya kuma ga irin ruwan da ake ban-ruwa da shi: ruwan kwata ne na gari, mai haɗe da baƙin man garaji da ruɓaɓɓun batura. Cikin irin wannan ruwa ake samun dalma da kadmiyom. In sun shiga shuka sai su hana saiwa girma, ganye ya yi rawaya, amfani ya ragu.

Masana aikin gona sun samo dabarar rage wa shuka wannan wahala. Waɗannan ƙarafa suna tayar da wasu sinadarai masu ƙona ƙwayoyin ganye daga ciki, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. In aka fesa wa shukar bitamin C, ko gulutatiyon, ko ma ruwan ganyen zogala da aka tace, sai ta samu ƙarfin kare kanta, ta farfaɗo. Ban raina wannan ilimi ba. Zogala dai ga ta nan birjik daga Maraɗi har Damagaram, ba sai mai garka ya ci bashi ba.

To amma ni abin da ke hana ni barci daban ne. Shuka ta jure guba, wannan bai nuna gubar ta fita ba. Wani lokaci feshin yakan rage abin da ke hawa cikin ganye, amma ba ya kwashe dalmar da ke ƙasa, ba ya tace ruwa. Da can ganye mai rawaya shi ke yi mana gargaɗi. In muka mayar da shi kore, uwar gida za ta saya a kasuwa hankalinta kwance, ta wanke sau uku, alhali abin da ya shiga cikin ganye wanki ba ya fitar da shi. Kuma kayan ganye, salati da alayyafo, sun fi tumati tara waɗannan ƙarafa.

Dalma ƙwaƙwalwar yara take taɓawa, kadmiyom kuma ya zauna a ƙoda shekara da shekaru. Ba mu manta da Zamfara ba, nan maƙwabtanmu, inda dalmar wurin haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a 2010. Ƙa'idar abinci ta duniya ta ce kada dalma ta wuce miligiram 0.3 a kilo guda na kayan ganye. Wa ke auna mana wannan a kasuwanninmu?

Ba masu garka nake zargi ba, wallahi. Ruwan da suka samu da shi suke aiki. Roƙona ga INRAN da jami'o'inmu shi ne, duk wanda zai gwada wannan feshi ya auna ƙarfen da ke cikin ganyen, ya faɗa wa jama'a da Hausa da Zabarmanci. Magadan gari kuma su haƙa wa masu garka rijiyoyi, su hana zuba baƙin mai da batura cikin kwata. Filin da aka tabbatar ya gurɓace, a daina shuka salati a ciki, a taimaka wa mai shi ya koma renon dashen itatuwa.