Takardar da Na'ura ke Karantawa Kafin ta ba Mai Walda Fatawa

Ran Talatar da ta wuce, da hantsi, na tsaya a rumfar wani mai walda a Kazaure, inda wani manomi daga wajen Gwiwa ya kawo amalankensa da ƙarfen gindinta ya tsage, sai na tarar yaron shagon ya ajiye gilashin fuska a ƙasa, yana tambayar wayarsa irin sandar da ta dace da kuma yawan wutar da za a sakar mata. Nan take amsa ta zo cikin Turanci, cewa a nemi sanda mai kaurin milimita 3.2, a ba ta wuta amfiya 90 zuwa 130. Maigidan ya saurara, ya dubi injinsa, wanda haɗin gida ne, naɗin hannu a cikin tukunyar mai, ba agogo a jikinsa balle lamba, sai kunnuwa uku da ake sauya wa waya. Ya ce, "Kai yaro, miƙo geji goma, ka sa a na tsakiya."

Haƙiƙa wayar ba ta yi ƙarya ba, domin geji goma shi ne milimita 3.2. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ta yanke hukunci ba tare da ta tambayi irin injin, ko irin ƙarfen, ko nauyin da amalanken za ta ɗauka daga gona ba, alhali kuwa kowane almajirin fiƙihu ya san fatawar da aka bayar ba a san sharuɗɗan mas'ala ba, ko ta dace, sa'a aka ci.

Ga yadda al'amarin yake a bayan fage. Yau akwai abin da ake kira wakili na ƙirƙirarriyar basira, wanda idan aka yi masa tambaya yakan je ya ɗauko amsa daga wata manhaja da aka gina don fanni guda, kamar ta shawarar walda, kuma tun watan Nuwamba na 2024, da kamfanin Anthropic na Amurka ya fitar da wata ƙa'ida ta haɗa wakilai da irin waɗannan manhajoji, sai suka yawaita ƙwarai. Wakilin nan bai taɓa riƙe sanda ba, bai taɓa kwana da zafin ido ba. Iyakar saninsa game da manhajar shi ne ɗan bayanin da magininta ya rubuta, wato me take yi, me za a ba ta, me za ta mayar. Muƙallidi ne tsantsa, takardar nan kuwa ita ce malaminsa, saboda haka duk giɓin da ke cikinta sai ya gangaro har rumfar da na tsaya.

Masu auna ingancin irin wannan bayani sukan duba ko lafazinsa a fayyace yake, ko an ambaci sunan kowane ma'auni, kuma wannan abu ne mai kyau. Amma a ganina awo na farko shi ne isnadi. Lambobin da ke jikin sanda, kamar 6013 da 7018, tsarin Ƙungiyar Walda ta Amurka ne, inda 60 ɗin farko ke nufin ƙarfin jan fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i, kuma wajibi ne takarda ta faɗi daga wane littafin ƙa'ida ta ɗauko adadinta, da kuma halin da aka yi gwajin a cikinsa. Sandar 7018 ta fi ƙarfi, gaskiya ne, amma sharaɗinta a adana ta a bushe, a tanda mai ɗumi, domin in ta sha danshi sai ɗinkin ya tsage daga baya. Wanda ya ga kwalin sanda a buɗe ƙarƙashin rumfar kwano a Roni cikin watan Agusta ya san wannan sharaɗi ba ya cika a wurinmu, kuma bayanin da ya yi shiru a kansa ya ɓoye illa.

Awo na biyu ya fi nauyi, don ya shafi rai. Bututun da aka shafe da zinki, irin wanda ake yin ƙafar tankin ruwa da shi, in wuta ta taɓa shi yakan tashi da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji cikin dare, wanda sau da yawa akan ɗauka cizon sauro ne. Durom ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko da an zazzage shi ƙaf, tururin da ya rage a ciki ya isa ya tarwatsa shi da mai waldar. Ƙarfen zubi, irin na jikin injin niƙa, sai da sandar nikel, a ɗumama shi tukuna, a kuma binne shi cikin toka ko yashi ya huce a hankali. Idan takarda ba ta umarci wakili da ya tsaya ya yi tambaya a irin waɗannan wurare ba, to, ba ta cancanci a ce ta inganta ba, komai kyan tsarinta. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama, tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga cikinsu, shi ya sa nake neman kowace takarda ta rubuta a fili inda ilmin manhajarta ya ƙare.

Wa zai yi wannan awo? Ba sai mun jira wani daga nesa ba. Kazaure na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, Babura kuma ta samu Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Roƙona ga malaman waɗannan makarantu shi ne su tura ɗalibansu rumfunan walda na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, su tattaro tambayoyin da ake yi kullum a kan garmar shanu da ƙofa da amalanke, da lafazin masu sana'ar, sa'an nan a gwada manhajojin da su, a zaunar da dattawan sana'a su zama alƙalai, a biya su ladan zamansu, a kuma rubuta sakamakon da Hausa yadda yaron shagon nan zai iya karantawa.