Sharhi: Horas da likitocin masu munanan raunuka da darasin da ke cikin tarihin Maiduguri

A ranar 29 ga Yunin 2024, ƴan ƙunar baƙin wake sun tayar da bama-bamai a garin Gwoza na Jihar Borno, inda fiye da mutum 30 suka rasu. Da dama daga cikin waɗanda suka jikkata sai da aka yi tafiyar sama da kilomita 100 da su zuwa Asibitin Ƙwararru na Jiha da ke Maiduguri kafin su kai ga likitocin tiyata.

Wannan lamari ya sake tayar da tambayar da jihar ke fama da ita tun ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009: wane ne ke fara taɓa mai rauni, kuma wane horo yake da shi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa raunuka na halaka kimanin mutum miliyan 4.4 a kowace shekara. Yawancin mace-macen da za a iya kauce musu na faruwa ne a sa'o'in farko, sakamakon zubar jini ko toshewar hanyar numfashi.

A kan haka aka gina kwasa-kwasan kula da masu munanan raunuka. Fitacce daga ciki, wato ATLS, ya samo asali ne daga haɗarin jirgin sama da wani likitan ƙashi, James Styner, ya yi da iyalinsa a Jihar Nebraska ta Amurka a 1976. Irin kulawar da suka samu a ƙaramin asibitin karkara ce ta sa shi da abokan aikinsa suka tsara kwas ɗin, wanda Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka ta rungume shi a 1980.

Abin da aka daɗe ana koyarwa har zuwa 2025 shi ne jerin matakai da ba a tsallake ɗaya: a buɗe hanyar iska tare da kare wuya, a tabbatar da numfashi, a tsayar da jini, a auna hankalin majinyaci, sannan a duba jikinsa baki ɗaya. Ƙa'idar ita ce a fara da abin da zai fi saurin kisa, ko da wani raunin ya fi tayar da hankali a ido. Ana kuma koyar da tantance majinyata idan sun zo da yawa a lokaci guda, domin a san wanda zai iya jira da wanda ba zai iya ba.

Likitocin Maiduguri sun koyi wannan darasi cikin wahala. Hare-haren da aka kai Kasuwar Monday a 2014 da 2015, da harin da jirgin yaƙi ya kai bisa kuskure a sansanin ƴan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, sun cika ɗakunan tiyata da raunukan da ba a saba gani ba a lokacin zaman lafiya. Kwamitin Red Cross na Ƙasa da Ƙasa, ICRC, ya girke likitocin tiyata a Asibitin Ƙwararru, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan jiha tare da horas da su. A 2020 kuma aka buɗe cibiyar gyaran gaɓoɓi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da tallafin kwamitin.

Sai dai akwai giɓi uku da horo shi kaɗai ba zai cike ba.

Na farko shi ne hanya. Mazaunin Fezzan, tsohuwar unguwar da ta ɗauki sunanta daga fataken kudancin Libiya, yana tsakiyar birni ne, kusa da manyan asibitoci. Amma ko shi, galibi maƙwabta ne ke ɗaukarsa a Keke Napep, ba tare da an ɗaure rauni ko an tallafe wuya ba. Mutumin Gwoza ko Rann kuwa, sa'o'insa na farko kan ƙare kafin ya ga likita. Don haka horon na buƙatar isa ga ma'aikatan jinya, jami'an lafiya na matakin farko da direbobi. Kwas ɗin kulawar gaggawa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya da ICRC suka fitar a 2018 an tsara shi ne domin irin waɗannan wurare masu ƙarancin kayan aiki.

Na biyu shi ne ƙaurar likitoci. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa kimanin likitoci 16,000 sun bar Najeriya a ƴan shekarun nan. Duk likitan da ya tafi, ya tafi da horon da aka ba shi. Takardar shaidar ATLS ma shekara huɗu take yi kafin a sabunta ta, saboda hannun da ba ya aiki yakan manta.

Na uku shi ne dogaro da masu ba da agaji. ICRC ya rage kasafin kuɗinsa a 2023, Amurka kuma ta rufe hukumarta ta USAID a 2025. Hausawa na cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Doka dai ta riga ta share fage. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kiwon lafiya a matakin farko domin wannan aiki. Dokar 2017 ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar ƴan sanda ba.

Abin da ya rage shi ne gwamnatin tarayya da ta jiha su mayar da horon wajibi ga duk mai aiki a sashen gaggawa, su sanya shi cikin kasafin kuɗi, su kuma samar da malamai daga cikin likitocin Maiduguri da suka shafe fiye da shekara goma suna wannan aiki. Ƙwarewar da suka tara za ta amfani Zamfara, Katsina da Sakkwato, inda ƴan bindiga ke jikkata jama'a, da ma manyan hanyoyin ƙasar da haɗurra ke lashe rayuka kullum.