Laifin Me Ɗalibin Falsafa Ya Yi Mana?

Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba. A ƙasar nan duk wanda ya shiga jami'a, ko likita zai zama ko injiniya, sai ya zauna a ajin falsafa da mantiƙi, domin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta sa darasin cikin kwasa-kwasan gama-gari da ba a fita da digiri sai an ci su. To amma yaron da ya ce shi wannan fanni zai riƙa, ya yi digiri na biyu da na uku har ya koyar da shi, a gida mun mayar da shi abin tausayi, a majalisa abin zargi, a jami'a kuma ɗan zaman jira. Muna son darasin, ba ma son a samu mai koyar da shi daga cikinmu. Wannan wane irin lissafi ne?

Akwai wani matashi ɗan manomi daga wani ƙauye a gefen dajin Ɗansoshiya, cikin ƙaramar hukumar Kiru, da yake digiri na biyu a falsafa a wata jami'a mai nisa da gida. Da sassafe na gan shi a Kwanar Ɗangora yana jiran mota, rungume da baƙar leda, a ciki babi na uku na kundinsa ne da ya buga a shagon kwamfuta da kuɗin aro. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin motar zuwa da dawowa kaɗai ya isa cefanen gidansu na kwanaki. Zai je ya zauna kan benci a ƙofar ofis tun hantsi har la'asar, masinja ya leƙo ya ce masa, "Malam, Farfesa ya tafi taro, sai wani makon." Ya nuna mini babi na biyu da aka dawo masa da shi bayan watanni: jan biro a shafi biyu na farko, shatin gindin kofin shayi a bango, sauran shafukan ko buɗe su ba a yi ba. Yaron bai zagi kowa ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya, haƙuri za a yi." Ni ne na kasa haƙurin.

Kada wani ya ce mini tsautsayin mutum ɗaya ne. Tsarin ne haka. A 2020 jami'o'in gwamnati sun yi kusan wata tara a rufe saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU. A 2022 an sake rufe su daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Babban laifin na gwamnati ne, wadda ta sa hannu a yarjejeniyar 2009 da ASUU, ta kuma yi ta jan ƙafa wajen cika ta. Amma wa ya biya kuɗin? Ɗalibin da aka rubuta masa karatun shekara biyu, ya wayi gari yana shekara ta huɗu, kuma kowane zangon karatu sai ya sake biyan kuɗin rajista, kamar shi ya jawo jinkirin.

Sai maganar tallafi, inda abin ya fi ƙona mini rai. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ɗaukar nauyin ƙaro karatu, amma na waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan manyan makarantu. Kafin ka samu tallafin sai ka zama malami. Kafin ka zama malami sai an buɗe gurbi, gurbin kuma in ya fito, mai uwa a gindin murhu ya riga ya ji labari tun kafin a manna takarda. Ɗan manomin Kiru ko Doguwa wa ya sani? In ma ya samu shiga ganawar ɗaukar aiki, tambayar farko ita ce maƙala nawa ya wallafa. Nan kuma 'yan kasuwa suka kafa tarko: mujallun da ba sa karanta abin da aka aiko musu, kuɗi kawai suke jira, ka biya yau a buga maka jibi. Uba ya sayar da buhun masara a kaka, lokacin da farashi ya faɗi, domin ɗansa ya sayi shafi goma da ba wanda zai taɓa karantawa. A fannin da jarinsa duka shi ne hujja da tantance gaskiya, abin da muke fara koya wa yaro ke nan, cewa suna a takarda ya fi tunani daraja.

Yanzu bari in juyo gida, don mu ma ba mu fita ba. Da yaro ya ce falsafa yake karantawa sai a haɗe rai, wani ya ce zindiƙanci ne, wani ya ce karatun masu ja da Allah ne. Masu wannan magana, don Allah ku koma ku duba tarihinku. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasiha kan mulki, malamin mantiƙi ne, ya yi rubutu a kansa, har ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi yana kare halaccinsa. Imam Gazali da ake kafa hujja da shi cewa ya rushe masana falsafa, sai da ya karance iliminsu tsaf kafin ya yi musu raddi, sannan ya buɗe littafinsa Al-Mustasfa da gabatarwa kan mantiƙi. Ga kuma namu na cikin gida, Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta wajen 'yarsa Khadija. An haife shi a 1804, ya rasu a 1864, ya koyar a Salame, ya rubuta Al-Futuhat al-Rabbaniyya da Kulliyat al-Alam al-Sitta, inda ya tattauna asalin halitta da rai da ra'ayoyin masana falsafa. A yau masana irin su Oludamini Ogunnaike a Amurka suna nazarin ayyukansa, ana gina suna da su a can. Yaronmu da yake da Larabcin zaure da Hausar gado, wanda ya fi kowa cancantar wannan aiki, shi muke hantara. Sassan falsafa na farko a Najeriya a kudu suka tsiro, Nsukka da Legas da Ife da Ibadan, mu kuwa da muke da tarin rubutattun littattafai muka naɗe hannu.

In an ce ina amfaninsa, a zo kudancin Kano a gani. Da gwamnatin Ganduje ta ware dajin Ɗansoshiya don tsugunar da makiyaya, tambayoyin da suka taso ba na siminti da rodi ba ne. Dajin na wa ne? Mai noma a gefensa tun kakanni da mai kiwo a cikinsa tun kakanni, ta yaya za a yi musu adalci ba tare da an danne ɗaya ba? Madatsar Tiga a Bebeji, da aka gina a zamanin Audu Baƙo, ta shayar da gonaki masu yawa, ta kuma tashi garuruwa. Mene ne diyyar da ta dace da mutumin da kabarin ubansa ke ƙarƙashin ruwa? Itatuwan Falgore da ma'adinan Riruwai, shin waɗanda ba a haifa ba suna da haƙƙi a cikinsu? Waɗannan su ne tambayoyin da ake koyon warwarewa a falsafar ɗa'a da ta siyasa. Mu kan bar su a hannun ɗan kwangila da baƙon mashawarci da bai taɓa kwana a Tudun Wada ba, in rikici ya ɓarke mu ce ƙaddara.

Gwamnatin Kano ta farfaɗo da tura ɗalibai ƙaro karatu waje a 2023, kuma abin yabo ne. Ina kira a ware wa falsafa da tarihi gurabe a fili, har da masu karatu a cikin gida, waɗanda kuɗin mota da na buga kundi kawai ke kayar da su. Shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, nauyin ɗalibi ɗaya kowannenku a shekara bai kai kuɗin taron siyasa na yini guda ba.

Ku kuma manyan malamai, ranku ya daɗe, na san albashinku bai isa ba, na san ɗalibai sun yi muku yawa. Amma wanda ba shi da lokaci kada ya karɓi ɗalibi. Kowace makarantar karatun gaba da digiri ta rubuta doka, ta manna a ƙofa: babin da ɗalibi ya miƙa ya dawo masa da gyara cikin wata guda, da kwanan wata da sa hannu. Malamin da ya saɓa, a karɓe ɗaliban a ba wani, kuma shekarar da jami'a ta ɓata da kanta kada a sake karɓar kuɗin rajistarta daga hannun ɗalibi.