Kwamfuta ta biyu a cibiyarmu: a sayar ko a ba ta aiki?

A wannan wata zan ba ku labarin wata na'ura da ta kusa tafiya kasuwar Katako.

A cibiyarmu ta yaƙi da jahilci, nan gefen Yamai, muna da kwamfuta guda. Da ita nake buga takardun darasi. A cikinta ne kuma ƙungiyar masu garka ta bakin kogi take ajiye lissafinta: wa ya karɓi taki bashi, wa ya biya, wa ya rage. Watannin baya wani ɗan unguwarmu mai aikin biro ya kawo mana ta biyu, tsohuwa, wadda aka daina aiki da ita. Muka yi murna. Da muka kunna ta sai murna ta koma ciki. Fuskarta daban. Abubuwan da na saba taɓawa ba su nan inda na san su. Na nemi Word, wanda nake rubutu da shi, babu.

Shugaban kwamitinmu, dattijo ne, ya duba ya ce: "Malam, wannan ba ta jin magana. A kai ta Katako. Ko jika 20 aka ba mu, mu sayi alli da littattafai."

Na ce: "Baba, a yi mini haƙuri wata ɗaya. In ba ta yi amfani ba, ni da kaina zan kai ta."

To, ga abin da na gano. Na'urar lafiyarta lau. Mai tafiyar da ita ne daban. Ku makiyaya kun san haka: shanu iri ɗaya ne, amma kowane makiyayi da kiransa. In baƙo ya zo ya yi kira irin nasa, garke ba ya juyowa, kuma ba wanda zai ce shanun kurame ne. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja a cikinta, ita ce makiyayin. Ita ke karɓar abin da ka taɓa, ta kai shi inda ya kamata. Ta farkonmu tana aiki da Windows, na kamfanin Microsoft na Amurka. Ta biyun tana aiki da Linux.

Shi Linux wani ɗalibi ne ɗan ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya fara shi a 1991. Ya bar shi a buɗe, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara, ba a biyan ko dala. Yana da iri-iri, kamar yadda gero yake da iri-iri. Wanda ke cikin tamu sunansa Ubuntu. Ya fito a 2004, kuma wani mutumin Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya kafa shi. Kada ku ce abin ya yi muku nisa. Salular da ke aljihunku, in mai Android ce, a kan Linux aka gina ta.

Akwai dalilin da ya sa nake ba ku wannan labari yanzu. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba. Sabon nasu, Windows 11, ba ya shiga tsofaffin na'urori da yawa. Linux kuwa yana shiga, don ba shi da nauyi. Saboda haka ina ganin irin wannan na'ura za ta riƙa zuwa cibiyoyinmu da ƙungiyoyinmu, ko a kyauta ko da araha. Gara mu san ta tun yanzu.

Aikin da ya hana a sayar da ita ba ni na tsara shi ba, tsautsayi ne ya kawo shi. Magatakardan masu garka yana da ƴar sandar nan ta ajiya da ake sokawa a gefen kwamfuta, wadda ake kira kile. A kanta yake yawo da lissafin ƙungiya. Wata rana ya kai ta wani shagon buga takardu a gari. Da ya dawo ya soka ta a kwamfutarmu ta farko, sai ga ba kome. Lissafin bashin taki na shekara guda, na mutum fiye da 40, ya ɓace. Ya zauna ya yi tagumi. Kun san abin da ke biyo baya: wanda ya biya za a ce bai biya ba, wanda bai biya ba zai rantse ya biya, kuma a ƙarshe magatakarda za a kira ɓarawo.

Na ce mu gwada ta biyun, ai ba abin da za mu rasa. Muna sokawa sai ga takardun duka, ba wadda ta ɓace. Ashe cuta ce ta shiga kilen a shago, irin wadda ake kira birus. Ba ta cinye takardun ba, ɓoye su ta yi. Wannan cuta don Windows aka yi ta, ba ta iya aiki a cikin Linux, kamar yadda ciwon kaji ba ya kama jaki. Muka kwashe lissafin, muka goge cutar. Tun daga ranar muka kafa doka: duk kilen da ta fito daga waje, sai ta bi ta kwamfuta ta biyu kafin ta taɓa ta farko. Kuma kowace Juma'a ana kwafe lissafin ƙungiya a ajiye a cikinta. Littafin takarda ma na ce kada a yar da shi. Ni dai ban yarda mutum ya zuba hatsinsa duka a rumbu ɗaya ba.

Word ɗin da na nema ban samu ba, ashe akwai madadinsa a ciki, sunansa LibreOffice. Yana buɗe takardun Word, yana kuma yin lissafi. Wani lokaci layukan takarda sukan ɗan goce, sai a gyara da hannu.

Sai maganar harshenmu. Kun san baƙaƙen nan masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. In babu su, ƙasa ta koma kasa, ɓata ya koma bata, sabon mai karatu ya rikice. A cikin Linux akwai tsarin maɓallan Hausa, zaɓa kawai ake yi. Gaskiya ta farkon ma tana iya yin haka, amma ita kullum tana cikin aikin Faransanci. Ta biyun na bar ta a Hausa dare da rana. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, ya kamata a ce muna rubuta ta daidai.

Wannan ne ya ba ni damar abin da na daɗe ina so. Da, ba na barin ɗalibai su taɓa kwamfuta, don tsoron kada su goge lissafi. Yanzu na buɗe musu ɗakinsu daban a cikin ta biyun, mai nasa mabuɗi. Kome suka taɓa a can, ba ya isa ga ajiyar ƙungiya. Wata dattijuwa mai sayar da nono, da ta shekara biyu tana koyon baƙi a allo, ta zauna ta buga sunanta da yatsa ɗaya. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce: "Malam, ashe haka yake fitowa kamar na jarida?" Na ce: "Haka yake, Inna. Ƙara na jikanki."

Mun kuma mai da ita ɗakin littattafai. Akwai wata manhaja, Kiwix, da aka fara a 2007. Da ita ake zuba kundin sani na Wikipedia a cikin na'ura, a karanta shi ba tare da intanet ba. Akwai na Hausa. Sau ɗaya na je inda ake da intanet mai ƙarfi na ɗauko shi, shi ke nan, ba mu ƙara sayen kati dominsa ba. Hausar cikinsa ta fi karkata ga ta Najeriya, kuma ba duk abin da ke ciki nake ɗauka ba sai na bincika. Amma ɗalibai sun sami abin karantawa bayan littafin farko, wanda shi ne babban rashinmu. Na haɗa da muryoyin gargaɗi na Hausa da RECA, ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, take aikawa ta WhatsApp a kan tsutsa da taki da maganin ƙwari. A salula sukan ɓace in ta cika. A nan suna ajiye, kowa ya zo ya saurara.

Ba zan ɓoye muku aibinta ba. Na'urar buga takardarmu har yau ta ƙi jin kiranta, sai na kwashe rubutu na kai ta farko. Batirinta ya mutu, in wuta ta ɗauke ita ma ta ɗauke. Kuma sai da na yi mako biyu ina lalube kafin hannuna ya saba. Wanda ya samu irinta, ya tambayi mai ba shi kalmar sirri ta buɗe ta tun kafin su rabu, don in babu ita ba a iya ƙara kome a ciki. Ya ɗora ta a kan tebur, ba a ƙasa ba, ya rufe ta da zane lokacin hunturu saboda ƙura, kuma kada ya toshe ramukan da take shan iska.

Da wata ya cika na je wajen shugaban kwamiti na ce: "Baba, wa'adi ya yi. A kai ta Katako?" Ya ce a bari tukuna, shi ma yana son ya ga sunansa kamar na jarida. Ranar Asabar zai zo, bayan la'asar.