Kafin masana'antun Bompai su ɗura tazargade a kwalba

A watan Afrilun 2020, daidai lokacin da korona ta shigo Kano, shugaban Madagaska Andry Rajoelina ya fito da wani tsimi mai suna Covid-Organics, wanda aka haɗa da Artemisia annua, ɗan'uwan tazargaden da muka sani. Mai kishin Kano zai iya cewa kasuwa ta buɗe: masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda rashin wuta ya durƙusar, su ɗura irinsa a kwalba. Ni dai ina ganin gwaji ne ya kamata ya riga kwalba, kuma duk lokacin da wata cutar numfashi ta sake ɓulla, wannan ka'ida za ta amfane mu.

Babu mai musun darajar wannan ganye. Daga gare shi Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tato sinadarin atemisinin na maganin maleriya a 1972, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Sai dai ƙwayar maleriya a cikin jini take zaune tana cinsa, kuma sinadarin ƙarfen da take saki ne yake kunna maganin ya hallaka ta. Bairas ɗin korona kuwa hanyoyin numfashi yake kamawa, rayuwarsa daban. Kulorokwin, wanda aka kwaikwayo daga kwinin na ɓawon itace, ya nuna alamar nasara a ɗakin gwaji, har wasu a Legas suka sha ya zame musu guba a Maris 2020. Da aka gwada ɗan'uwansa a kan dubban majinyata a Birtaniya, sakamakon Yunin 2020 ya nuna bai rage mutuwa ba. Cibiyar NIPRD ta Abuja ma ta binciki tsimin Madagaska, ba ta ga hujjar yana warkar da korona ba.

Wani zai ce wannan raina maganin gargajiya ne. To ai gwaji ne ya ɗaukaka atemisinin, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta saka atesunet, wanda aka samo daga atemisinin, cikin gwajin magungunan korona na Solidarity PLUS a Agustan 2021. Wani kuma zai ce ko bai yi amfani ba, ba zai cutar ba. Zai iya cutarwa, domin shan ganyen barkatai na iya koya wa ƙwayar maleriya jure magani, kuma an riga an ga irin wannan juriya a Ruwanda da Yuganda, alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya 'yan Najeriya ne.

Tsoron gwaji a Kano yana da dalili, tun bayan yara 11 da suka rasu a gwajin maganin Trovan na 1996. Maganin wannan tsoro shi ne bincike a fili, da amincewar majinyaci, a Asibitin Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero, ƙarƙashin idon NAFDAC. Kafin sakamako ya fito, masu jari a Bompai su zuba kuɗinsu a ingantaccen maganin maleriya, wanda buƙatarsa ba ta yankewa kowace damina.