Sharhi: Motar da aka faka a gefen titi da rayukan da take ɓoyewa a Kano

Duk wanda ya bi ta titin Ibrahim Taiwo ko kewayen kasuwar Kantin Kwari da hantsi ya san yadda titi mai faɗi ke komawa lungu. Layin farko na motocin 'yan kasuwa ne, waɗanda ake fakawa tun safe ba a tayar da su sai bayan la'asar. Layi na biyu na masu cewa "minti biyu kawai" ne. A bayansu ga adaidaita sahu na sauke fasinja, ga mai kura yana tura diloli. Abin da ya rage na kwalta shi ne kowa ke kokawa a kansa, har da masu tafiya a ƙasa, domin 'yan tebur sun riga sun mamaye gefen da aka tanadar musu.

Mun saba kallon wannan a matsayin cunkoso, wato ɓata lokaci da ƙona mai. Illar da ta fi wannan girma ita ce ta gani. Motar da ke tsaye katanga ce. Tana raba idon direba da abin da ke shirin shigowa gabansa, tana kuma raba idon mai tsallakawa da motar da ke tahowa. Babba yakan leƙa ta saman mota ko ta gilashinta. Yaro ɗan shekara shida da ya taso daga Islamiyya, ko almajiri, ko yarinya mai tallan gyaɗa, tsayinsu bai kai rufin ƙaramar mota ba, balle bas ko jif. Ba a ganinsu sai sun fito fili.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ƙayyade gudun ƙananan motoci a cikin gari a kan kilomita 50 a awa ɗaya. Motar da ke wannan gudun tana cinye kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Direba mai cikakkiyar natsuwa yana buƙatar kimanin daƙiƙa ɗaya tsakanin ganin hatsari da taka birki, sannan motar ta ƙara wata tafiyar kusan mita 14 kafin ta tsaya, idan kwalta a bushe take kuma tayoyi da birki lafiyarsu ƙalau. Jimilla kusan mita 28 ke nan. A gudun kilomita 30, duka tazarar ba ta wuce mita 13 zuwa 14 ba. Idan yaro ya ɓullo daga tsakanin motoci biyu mita 15 a gabanka, mai gudun 30 zai tsaya kafin ya kai gare shi. Mai gudun 50 kuwa a lokacin ne ƙafarsa ta fara danna birki. Ga shi bai karya doka ba.

Saboda irin wannan lissafin ne taron ministoci kan kiyaye haɗurran hanya da aka yi a Stockholm a shekarar 2020 ya ba da shawarar a mayar da gudu kilomita 30 a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa da masu keke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. A tsakiyar Kano da wuya a nuna titin da ba na cuɗanya ba.

Sai kuma batun ƙofa. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, direban da ya faka a gefen titi ƙofarsa tana buɗewa ne kai tsaye cikin hanyar masu wucewa. Wanda ya fi shan wahalar wannan shi ne mai babur, mai keke da direban adaidaita sahu, tunda su ne ake matsewa zuwa jikin motocin da ke tsaye. Bayan gwamnatin jihar ta haramta acaɓa a watan Janairun 2013, adaidaita ya zama abin hawan talaka, kuma ba shi da ƙofa ko ƙarfen da zai kare fasinja. Idan direbansa ya ga ƙofa ta buɗe a gabansa, ko ya daka ta ko ya goce hagu cikin bakin wata motar. A Holan an daɗe ana koya wa direba ya buɗe ƙofa da hannun da ke nesa da ita, domin hakan na tilasta masa juya kafaɗa ya waiga baya. Birtaniya ta shigar da wannan cikin ƙa'idar hanyarta a 2022. A wajenmu hannun dama ke nan. Ba ya cin ko sisin kwabo.

Akwai abin da direba zai iya yi tun yau ba tare da jiran gwamnati ba. Ya rage gudu tun kafin ya shiga jerin motocin, ya ɗauke ƙafa daga totur ya ɗora ta saman birki. Ya bar tazarar faɗin ƙofa, kimanin mita ɗaya, idan hanya ta ba da dama; idan ba ta bayar ba, gudun ne zai sauka. Ya riƙa karanta motocin da ke tsaye: kan mutum a kujerar direba, fitilar birki da ta kama, taya da aka karkatar waje, hayaƙin salansa, ƙafafu da ake hangowa ta ƙarƙashi. Bas ko adaidaita da ya tsaya yanzu-yanzu, a ɗauka wani zai fito ta gabansa. Idan kuma cikas ɗin a hannunka yake, kai ne mai jiran wanda ke tahowa ya wuce. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe kusan ta mutu a garin nan, inda mai ƙarfin hon da faɗin mota shi ke da hanya.

Amma ɗora komai a kan direba sauke wa masu mulki nauyi ne. Motocin nan ba su zo gefen titi don son ran masu su kaɗai ba. Shekara da shekaru ana gina rukunin shaguna hawa biyu, hawa uku, da ɗakunan biki da makarantu masu zaman kansu a bakin manyan tituna, ba tare da filin ajiye motoci da zai ɗauki masu zuwa wurin ba. Kowane irin wannan gini ya kamata a ce ya bi ta hannun hukumar tsara birni ta KNUPDA. Mai gini ya mayar da kowane taku na filinsa shago yana karɓar haya, titin jama'a ya zama garejin kwastomominsa. Ribar tasa ce, hatsarin na ɗan da ke tsallakawa ne.

KAROTA, wadda aka kafa a 2012, tana da ikon kama wanda ya faka ba bisa ƙa'ida ba, kuma tana kamawa. A ganina kamen da ba a haɗa shi da alama ba raunanne ne. Ina fentin da ke nuna inda aka hana tsayawa? Ina allon? Direban da bai san iyaka ba sai ya ga janwe, abin da zai koya shi ne gudun jami'i da neman sulhu a gefen hanya. Abuja ta riga ta nuna inda wannan hanyar ke kaiwa: tsarin biyan kuɗin faka mota da aka ba kamfanoni a can ya tara ƙorafi, har babbar kotun birnin tarayya ta soke shi a 2014 saboda babu dokar da ta kafa shi. Da zarar an ɗauki gefen titi a matsayin hanyar kuɗin shiga, motar da ke toshe gani a bakin makaranta ta zama kwastoma, matuƙar ta biya.

Ba kowace motar da aka faka ke da hatsari iri ɗaya ba, kuma babu wanda zai iya kwashe su duka daga Sabon Gari ko Singa. Wuraren da suka fi kisa sanannu ne: 'yan mitocin da ke gab da mahaɗar hanya, bakin ƙofar makaranta, wurin tsallaka titi, da inda tirela ta lalace da dare aka zuba mata ganye a maimakon alamar gargaɗi mai ƙyalli. Hana tsayawa a waɗannan wurare aiki ne na fenti, 'yan turaku da jami'i guda a lokacin tashi daga makaranta. Kuɗinsa bai kai na ginshiƙi ɗaya na gadar sama ba, sai dai ba shi da bikin yanke kirtani.

Idan aka kaɗe yaro a irin wannan wuri, direban da ya kaɗe shi ake tsarewa, gudunsa ake tambaya. Motar da ta ɓoye yaron, mai ita yakan fito daga shago, ya tayar da ita ya tafi kafin jami'ai su iso.